Peishan da Mai Fasa Kwanuka

A jirgin fito suka fara ganin juna, wata yamma da ake ɗan yayyafi.

Weng Peishan ta taso daga birni, inda take aikin ɗinka duwatsu a rigunan amare. Tana zaune a bencin gefe, idanunta sun gaji, yatsunta na zogi. Da jirgin ya kai tsakiyar kogi sai igiyar ruwa ta girgiza shi, wani kwando da ke bayan babur ya kife. Kwanukan tangaran ja da kore da shuɗi suka tarwatse har gaban ƙafarta.

"Wayyo, ɗan'uwa, sannu!" Ta durƙusa tana taya mai babur ɗin tattarawa. "Wannan ai asara ce."

Saurayin ya yi dariya. Dogo ne, rana ta ƙona masa wuya, hannuwansa duk tabon yanka.

"Babu wata asara, 'yar'uwa. Kogin nan rage mini aiki ya yi. Da ma fasa su zan je in yi."

"Ka sayi sababbin kwanuka don kawai ka fasa?"

"Sana'ata ke nan. Tun ina yaro ake dukana a kan ɓarna, sai na ga gara in mai da ita hanyar cin abinci."

Ya ciro waya ya nuna mata hoton wani tsuntsu mai doguwar jela a kan rufin ɗakin bauta. Kowane gashi nasa guntun kwano ne da aka yanka da filaya aka kafa. Peishan ta daɗe tana kallo. Ta san irin haƙurin da aikin yake ci, don ita ma da ƙwaya ɗaya-ɗaya take cika riga.

"Sunana Ruibin," ya ce.

"Peishan. Ni kuma ɗinki nake yi."

Babu wanda ya ambaci sunan danginsa. Da jirgin ya tsaya ya karɓi lambarta, ya bi hanyar ƙasan kogi inda yake aiki, ita kuma ta nufi gida. Ba ta kai ƙofa ba saƙo ya shigo:

"'Yar Allura, na ƙirga gutsattsarina na ga wani abu ya ɓata. Ba kwano ba ne. Duba ko ya bi ki."

Ta mayar masa: "Mai Ɓarna, ban ɗauki komai naka ba. In kuma shi ya biyo ni, ba ruwana."

Daga nan kullum sai sun yi magana. Ran hutu sukan haɗu a birni, a shagon wata tsohuwa mai kunun gyaɗa. Shi mai surutu ne, ita kuma mai saurare, amma in ta jefa masa kalma ɗaya sai ya yini yana dariya.

A shagon ne wata rana ya ce mata cikin murna, "An kira ni gida. Tun ina ƙarami nake bin maigidana gari-gari, yau ga dattawanmu sun ba ni rufin ɗakin kakanninmu in sabunta."

"Wane gari ne naku? Ka ga ban taɓa tambaya ba."

"Ƙauyen Shen, can bakin magudana."

Peishan ta ajiye cokali a hankali.

"Ruibin, ni 'yar Weng ce."

Kunun ya huce a gabansu, ba wanda ya ƙara sha.

Duk wanda ya tashi a yankin ya san abin da ke tsakanin Weng da Shen. Magudanar ruwa ce kawai ta raba ƙauyukan, da 'yar gadar dutse da ba mai hawa. A zamanin kakannin kakanni an yi fari, aka yi faɗa a kan ruwan, mutane suka mutu ta kowane ɓangare. Dattawa suka shiga ɗakunan kakanninsu suka rantse: ba aure tsakaninsu har abada, ba shiga gidan juna, wanda ya karya kuma ba zai ga da kyau ba. Yanzu rabin gonakin sun zama masana'antu, ruwan famfo kowa ke sha, amma rantsuwa tana nan.

"To yanzu ya za mu yi, Shan?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Na dai san da na ji tun a jirgi, da ban ba ka lambata ba."

"Yanzu fa kina son ki karɓe ta?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

Wadda ta fara ganewa a gida ita ce Kaka Jinfeng, mahaifiyar babanta. Suna zaune a tsakar gida suna naɗe takardun hadaya da ake ƙona wa kakanni, Peishan na satar kallon waya.

"Wane ne yake sa ki murmushi ke kaɗai kamar wadda ta sha giyar shinkafa?"

Peishan ba ta iya yi wa Kaka ƙarya. Ta matsa kusa da kunnenta, don tsohuwar ba ta ji sosai, ta gaya mata komai. Ta zaci faɗa za ta sha. Sai Kaka ta ajiye takardar hannunta.

"Tambaye shi ko ya san wata tsohuwa Meizhu, matar marigayi mai awara."

Amsa ta dawo nan take: "Kaka Meizhu? Katanga ɗaya ce tsakaninmu! Ita ta fi kowa ja mini kunne. Ƙafafunta sun ƙi, ba ta fita yanzu, amma bakinta ƙalau."

Kaka ta sa Peishan ta maimaita mata saƙon, ta share ido da bakin riga.

"Ƙanwata ce, ciki ɗaya. Mu 'yan gidan Ruan ne. Aka kawo ni nan, aka kai ta can. Da iyayenmu na raye mukan haɗu a gida ran sabuwar shekara. Da suka rasu sai a kasuwa, a tsaye, kamar ɓarayi. Tun da ta daina zuwa kasuwa ban ƙara sa ta a ido ba. Ga hayaƙin murhunta ina hange daga nan."

Ba a jima ba wani ɗan Weng ya gan su a shagon kunu, magana ta iso kunnen mahaifinta. Weng Hanqiu shi ke riƙe da makullin ɗakin kakanni, mutum ne mai sanyin magana. Ya kira ta, ya dafa shayi, ya zuba a ƙananan kofuna kafin ya buɗe baki.

"Shan, ba ƙin yaron nake yi ba. Ban ma san shi ba. Amma an ce wanda ya karya rantsuwar nan ba zai ga da kyau ba. Ke kaɗai ce 'yata. In wani abu ya same ki, da wane ido zan kalli kaina?"

"Baba, waɗanda suka yi faɗan ko sunayensu ban sani ba."

"Su sun san naki. Ki bar maganar nan."

Daga makon ne Yaoting ya fara zuwa neman aurenta, ɗan abokin babanta, mai shagunan dafaffiyar agwagwa a birni. Kullum da agwagwa a leda yake shigowa. Peishan ta gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa zuciyarta na wani wuri. Yaoting ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Na ji labari. Amma kin san abin da ɗan Shen ɗin yake ginawa a rufinsu, can da aka lulluɓe da tamfol? Damisa ce. Dattawansu sun ce a kafa ta da baki buɗe, tana fuskantar ƙofar ɗakin kakanninku, ta cinye muku arziki. Da hannunsa yake yi, yana kuma aiko miki da kalamai masu daɗi."

Yana fita ta rubuta wa Ruibin:

"Gaskiya ne damisa kake yi a rufinku?"

"Gaskiya ne, Shan. Amma ki bari ki gani tukuna."

"Ba sai na gani ba. A wannan ɗakin sunan kakana yake."

Ya yi ta kira, ba ta ɗauka ba. Kowace safiya sai saƙonsa ya shigo, tana karantawa ba ta amsawa. Ɗaya ya ce: "'Yar Allura, yau na yanke a yatsa, ba wanda ya ce mini sannu." Wani kuma: "Ba zan iya faɗa miki ta waya ba, don na yi wa kaina alkawari ba wanda zai sani kafin ranar. Ki zo bakin magudana ran da za a yaye tamfol. In kin gani kin ce in tafi, zan tafi."

Ranar ta zo, mutanen ƙauyukan biyu suka cika gaɓoɓin magudana, kowa a nasa gefen. Samarin Weng har sun tanadi babban madubi da za su kafa ya mayar wa Shen da sharrinsu. Peishan ta tsaya a bayan mata.

Aka buga ganga, aka ja tamfol.

Damisa ce kuwa, ruwan zinare da ratsin baƙi, rana na walƙiya a jikinta. Amma a kwance take, ta juya fuskarta wajen dutse, idonta a lumshe. 'Ya'yanta na hawa bayanta, ɗaya ya kama kunnenta da haƙori.

Wata mata ce ta fara fashewa da dariya daga gefen Shen, sai na Weng suka ɗauka. Shugaban dattawan Shen ya ɗaga sanda yana nuna rufi.

"Kai Ruibin! Wannan muka ce ka yi?"

"Baffa, damisa kuka ce, ga damisa. Ba ku ce kar ta haihu ba."

A ranar dattawansa suka ce ba zai zauna a teburin bikin kakanni na hunturu ba, mahaifinsa kuma ya daina yi masa magana. Peishan ta aika masa saƙo:

"Mai Ɓarna, ka yafe mini. Ya yatsan naka?"

"Yanzu ya warke."

Suka haɗu a shagon kunu. Ya rame, amma idonsa na dariya. Ya ce an nemi ya je aiki wata ƙasa a ƙetaren teku, in ta yarda su tafi tare, a can ba wanda ya san Weng balle Shen.

Peishan ta girgiza kai.

"Ina son ka, Ruibin, ka sani. Amma ba zan fita ta ƙofar baya ba. Ina so ran da na haihu Mama ta shigo ɗakina da farfesun kaza da citta. Ba na so in tsufa ina hangen hayaƙin gidanmu kamar Kaka."

Ya riƙe hannunta. "To zan jira. Ko zan yi furfura a kan tsani."

Da ta koma gida ta ba Kaka labarin. Washegari da hantsi sai tsohuwar ta saka rigarta ta fita kunya, ta taje gashi, ta ɗauki sanda.

"Shan, riƙe mini hannu."

"Ina za mu, Kaka?"

"Gidan ƙanwata."

Suka ratsa ƙauyen, suka hau gadar dutse mutane na kallo. Wani dattijo ya ƙwala mata kira, ta yi kamar ba ta ji ba, da ma ba ta ji sosai. Ruibin ya hango su daga kan rufi, ya sauko da gudu ya nuna musu ƙofa.

Meizhu na zaune a kujerar gora tana shan hantsi. Ta ɗaga kai, ta ƙura ido.

"Yaya?"

"Dubi yadda kika tsufa! Ke da kike ƙarama."

"Ke kuma haƙoran ina kika kai su?"

Sai suka rungume juna suna kuka suna dariya. Matan maƙwabta suka cika tsakar gidan. Kafin shayi ya ƙare aka gane kusan kowace tana da wata a tsallake: wannan ƙanwar uwarta, waccan ƙawar da suka tashi tare. Dukansu daga wasu ƙauyuka aka auro su, ba wadda kakanta ya yi faɗan ruwa.

Bikin hunturu ya matso. Ba a bikin sai da jar wainar shinkafa, wadda mata ke kwaɓawa su cusa mata haɗi, su buga a katako mai zane su turara, a jera ta gaban allunan sunayen kakanni. Maza su shiga su yi gaisuwa su ci abinci a tebur, mata su ci abin da ya rage a bakin murhu. Haka aka saba.

A wannan shekarar mata suka haɗa baki, ba turmin da ya yi ƙara, a Weng ko a Shen. In miji ya tambaya, sai matar ta ce bayanta ke ciwo. Mahaifiyar Peishan ma ta ɗaure kai da ƙyalle ta kwanta, tana ƙunshe dariya.

Maza suka ce ai ba wani abu ba ne, suka taru su yi da kansu. Ƙullin ya manne a katako, wanda ya fita ya fashe a tukunya, launin ya zama kamar na bulo. Wani ya kawo shawarar a sayo a birni, aka tuna masa cewa wainar kakanni daga hannun matan gida take fitowa.

Sai ga Tsoho Delai, shugaban dattawan Weng, ya zo da kansa, Hanqiu na biye da shi. Kaka na zaune tana gyaran wake.

"Matar yaya, me ya yi zafi haka? So kike kakanni su kwana da yunwa?"

"Ɗaga murya, ƙanin miji, ba na ji."

Ya maimaita da ƙarfi. Ta ajiye faifan.

"Ni 'yar Ruan ce, ban rantse da kowa ba. Tun ina amarya nake yi wa kakanninku waina, ban taɓa zama a teburinku ba, ban kuma yi ƙorafi ba. Amma kun raba ni da ƙanwata har muka tsufa, yanzu kuma za ku karya zuciyar jikata. Kullum kakanni sun ce, kakanni sun ce. A cikinku wa ya taɓa shiga ya tambaye su ko har yanzu fushi suke?"

Ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma Hanqiu, tsoro kake kar wani abu ya sami 'yarka. Dube ta da kyau. Abin ai ya riga ya fara samun ta."

Hanqiu ya kalli Peishan da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai a lokacin ya ga yadda wuyanta ya zurma. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli.

Da safe aka buɗe ɗakin kakanni, aka kunna turare. Hanqiu ya durƙusa da 'yan katako biyu masu siffar jinjirin wata da ake tambayar kakanni da su: in ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, sun yarda. Mata na tsaye a bakin ƙofa. Ya faɗi tambayarsa, ya saki.

Duka biyun suka faɗi a buɗe.

"Dariya suke yi," in ji Tsoho Delai a hankali. "Sake."

Ya sake jefawa. Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe. Ya maimaita, haka ta ƙara fitowa. Hanqiu ya kifa goshinsa a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya zo cewa a Shen ma sun tambaya, amsar ɗaya ce. Masu tsegumi sun ce yunwar waina ce ta sa dattawansu saurin tambaya. Da yamma turame suka ɗauki ƙara ta kowane gefe, kamar ana amsa wa juna.

Ranar bikin dattawan ƙauyukan biyu suka haɗu a kan gada, suka sha shayi daga buta ɗaya, aka fasa abin wasan wuta, aka furta cewa an warware rantsuwa. Wayar Peishan ta yi motsi:

"'Yar Allura, Babana ya yi mini magana yau. Cewa ya yi in je in yi aski, wai ba zai kai ni gidan surukai da wannan kan ba."

"Gaya wa Baba na gode. Da ma ina ta tunanin yadda zan faɗa maka."

Da bazara aka yi auren. Peishan ta sa jar rigar da ta cika da duwatsu da hannunta. Yaoting bai zo ba, amma ya aiko da agwagi, aka kuwa ci. Mahaifinta ya riƙe mata jar laima tun daga ƙofar gida har ƙofar angonta, a nan ya damƙa hannunta a na Ruibin.

"Ga ta nan. In ka sa ta kuka, gidana ba nisa."

"Baba, in ta yi kuka, to albasa ce."

Ango da amarya suka durƙusa suna miƙa wa manya shayi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Kaka Jinfeng, tana zaune kafaɗa da kafaɗa da Meizhu a babban tebur, ta karɓi kofin da hannu biyu ta shanye, ta dafa kawunansu.

"Sama ta rufa muku asiri, kakannin gida biyu su tsare ku. Ku tsufa tare har kai ya yi fari. In kun haifi mace, ku yi murna kamar yadda za ku yi wa namiji, kuma duk inda aure ya kai ta, ku bar mata ƙofa a buɗe."

Kowa ya amsa. Ruibin ya matsa kusa da kunnen amaryarsa.

"Matata."

"Na'am, mijina," ta ce, kunya ta sa ta ɓoye fuska a hannun riga.

Da rana ta yi sanyi 'yan rakiya suka fara haramar komawa. Hanqiu ya zo ya sunkuya gaban mahaifiyarsa.

"Inna, tashi mu tafi gida."

Kaka ta gyara zama, ta ja bargo ta rufe ƙafafunta da na ƙanwarta.

"Ka gaida gida, ɗana. Ni yau a nan zan kwana. Hirarmu ko rabi ba mu yi ba."